Direba, agogo da bawa: sunayen da ke bayan allo

Mai gyaran waya a Muchia da ɗalibin injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru abu ɗaya suke taɓawa, amma kowa da bakinsa. Mai gyara zai ce sikirin ya yi fari, ko ya yi layi-layi. Ɗalibi zai ce direba ce ba ta tashi ba. In har muna son koyar da wannan sana'a da Hausa, dole mu tantance sunayen nan, domin suna mai kyau rabin darasi ne.

A kunnen Bahaushe, direba mai tuƙa mota ne. A nan kuwa 'yar manhaja ce da ta san yaren wani allo guda: umarnin tashinsa, inda zai fara zane, da yadda yake karɓar launi. Allon Nokia 3310 ta shekarar 2000 ɗigo 84 ne a kwance, 48 a tsaye, 4,032 ke nan, kowanne baƙi ko fari. Allo mai launi na ILI9341 da ɗalibai ke haɗawa da Arduino ɗigo 76,800 gare shi, umarninsa kuma daban. Aikin direba ke nan aikin tafinta ne. Kalmar direba ta riga ta zauna, sai a bar ta, amma malami ya fara da tafinta kafin ya ambace ta.

Hanyar aika saƙo da ta fi yawa a ƙananan allunan nan ita ce SPI, wadda kamfanin Motorola ya fito da ita, sai I2C ta Philips ta 1982. Duk biyun bi-da-bi suke aika saƙo, ƙwayar bayani ɗaya bayan ɗaya a kan siririyar waya, don a rage yawan wayoyi. Akwai layin da littattafai ke kira agogo, alhali ba ya faɗin lokaci. Bugu yake yi, kamar makaɗin gayya da manoma ke sauke fartanya bisa gangarsa: bugu ɗaya, ƙwaya ɗaya ta wuce. Layin bugu ya fi dacewa da shi, kuma da wannan suna lissafi yana fitowa fili. Kowane ɗigo mai launi ƙwaya 16 yake ci, hoto guda a allon ILI9341 ƙwaya 1,228,800. Ko da bugu miliyan 40 a daƙiƙa, hoto 32 kacal za a iya aikawa.

A nan Hausa ta fi Turanci wadata. Turanci yakan kira ayyuka biyu da kalma ɗaya. Na farko, allo da kansa yana karanta ma'ajiyarsa yana sake haska abin da ke ciki sau da yawa a daƙiƙa, ko an aiko masa sabo ko ba a aiko ba: wannan maimaitawa ce. Na biyu, direba tana zuba sabon hoto cikin ma'ajiyar: wannan sabuntawa ce. Idan biyun suka yi karo, sai a ga rabin tsohon hoto a haɗe da rabin sabo, kamar an yaga shi. Shi ya sa wasu alluna ke da layin TE, mai sanar da direba lokacin da za ta zuba. Wanda ya raba kalmomin nan zai gane da wuri dalilin da gwani ba ya aika hoto dukansa: in lambar minti ce kawai ta canza, 'yar kusurwarta yake sabuntawa.

Sunan da ya fi nauyi shi ne na ɓangarorin biyu. Shekara da shekaru injiniyoyi na kiran mai bugu ubangida, allon kuma bawa, har ya shiga cikin haruffan MOSI da MISO da ke rubuce a jikin kayan. A 2020 masu kula da manhajar Linux suka amince a guji waɗannan kalmomi a sabon aiki, a 2021 kuma kamfanin NXP ya cire su daga ƙa'idar I2C. Mu a ƙasar Zazzau, inda tarihin rinji bai yi nisa ba, bawa kalma ce da ta taɓa zuriyar mutanen da muke zaune tare. Ban ga dalilin shigo da ita aji ba alhali masu ita sun fara ajiye ta. Jagora da mabiyi sun wadatar, sun kuma faɗi gaskiyar aikin: ɗaya ne ke buɗe magana ya ba da bugu, ɗayan ya bi.

Haruffan jikin kaya za su daɗe yadda suke, kuma yaro zai haddace su don ya jona waya daidai. Abin da ke hannunmu shi ne bayanin da zai ji a shagon ubangidansa ko a ɗakin gwaji. Malaman Samaru da masu gyaran Sabon Gari su zauna su daddale waɗannan sunaye, su rubuta su, tun kafin kowane shago ya ƙirƙiro nasa.