Daga Duwatsun Azbin Zuwa Sabon Birni: Tarihin Gobir A Tafin Ƙafa

1/ Jiya da safe bayan mun gama gudun motsa jiki a makaranta, wani abokina Bayarabe ya nuna min bidiyon tseren Dutsen Kamaru da ake yi a Buea tun 1973. Dutse ne mai aman wuta, tsayinsa ya haura mita 4,000, mutane su hau shi su sauko a guje. Sai ya ce, "Bagobiri, ku da ba ku san komai ba sai yashi da fadama, ina za ku iya wannan?" Kun san mu da su akwai wasa. To ga amsarsa. Zare 🧵

2/ Mu fa daga dutse muka sauko. Tarihin baka na Gobirawa ya ce kakanninmu sun zauna a Azbin, tsaunukan nan na yankin Agadas a Nijar. Ƙasa ce ta baƙin dutse, akwai tsofaffin duwatsu masu aman wuta da suka daɗe da mutuwa. A Tafadek har yau ruwan zafi na ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Ƙololuwar Bagzan ta ɗara mita 2,000.

3/ Ba mu kaɗai ke faɗa ba. Baturen nan Heinrich Barth da ya ratsa Azbin a 1850 ya rubuta cewa Gobirawa ne mazauna wurin kafin Buzaye su yi ƙarfi. Da matsi ya yi yawa, sai aka fara gangarowa kudu, zuriya bayan zuriya.

4/ Daga Agadas zuwa Sabon Birni, ko a miƙe ka auna a taswira, ya fi kilomita 400. Ba kwalta, ba mota. Ƙafa ce da jaki da raƙumi, kuma rijiya ce ke yanke inda hanya za ta bi. Inda ruwa yake nan ake yada zango. Zangon da ya daɗe shi ke zama gari.

5/ Haka aka zauna Birnin Lalle, can wajen Dakoro. Aka ƙara matsowa kudu. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarki Babari ya ci Zamfara da yaƙi, ya kafa Alkalawa a bakin Gulbin Rima. An ce gonar alƙalin Zamfara ce aka fara ba Gobirawa su zauna, daga nan sunan ya fito. Kufan birnin yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni a yau.

6/ A wancan zamanin gudu sana'a ne. Zagage na gaban dokin sarki da ƙafa, duk inda ya nufa. Manzo ya karɓi saƙo a fada ya kama turba, ba hutu sai ya isar. Fatake su bi madugu da gishiri da kanwa. Kowa ya san inda ake tsallake gulbi da damina, da inda yashi ke cin ƙafa da rani. Taswirar a kai take, ba a takarda ba.

7/ Sai jihadi. A Fabrairun 1804 Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. A Yunin shekarar aka gwabza a Tafkin Kwatto. A 1808 Alkalawa ta faɗi, aka kashe Sarki Yunfa. Turbobin da suka kawo mutane birni, su ne suka kwashe su daga cikinsa.

8/ Gobirawa ba su watse gaba ɗaya ba. Sun yi ta sake haɗuwa suna gwada sa'a, har yaƙin Gawakuke a 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, aka kashe Sarkin Gobir Ali. Bayan nan Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi.

9/ Wajen 1860 rigimar sarauta ta tashi a gidan. Ɗan Halima ya ja mutanensa ya dawo kusa da tsohuwar ƙasa, ya kafa Sabon Birni. Ita kuwa Isa, a bakin Bunsuru, tana ɓangaren Sakkwato a matsayin garin tsaron iyaka. Kun ga tun asali yankinmu mahaɗa ce, kuma bakin daga.

10/ Daga 1906 zuwa 1908 Turawan Ingila da na Faransa suka bi suna kafa alamun iyaka. Tsibiri ta faɗa can, Sabon Birni ta faɗo nan. Gida ɗaya, tuta biyu. Amma turba ba ta san fasfo ba. Biki, suna, ta'aziyya, cin kasuwa, duk mutane suka ci gaba da bin hanyar kakanninsu.

11/ Nan ne abin ke min ciwo. Ina yaro, a turbar ƙauyenmu tsakanin Isa da Sabon Birni na koyi gudu. Aike ne: kai hura gona, kiro wane, tare awaki. Ba takalmi, sai ƙaya da zafin rairayi. Ni na fi kowa sauri a layinmu, har ana ce min ɗan barewa.

12/ Ranar da na fi gudu a rayuwata kuwa ba tsere ba ne. Dare ne, 'yan bindiga sun shigo, ƙanwata na goye a bayana, muna ratsa gonar gero. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Wallahi har yau in na ji ƙarar babura da yawa sai gabana ya faɗi.

13/ Ba mu kaɗai ba ne. Tun 2019 dubban mutane daga yankin suka tsallaka jihar Maraɗi neman mafaka. A Satumban 2021 da aka katse sabis na waya, saƙo ya koma tafiya da ƙafa kamar zamanin manzanni. Wasu sai sun matsa bakin iyaka su kama sabis na Nijar, don kawai su ce wa ɗan'uwa muna raye.

14/ Na taɓa ba kakata wannan tarihin, ina ji da kaina ni ɗan jami'a. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Angona, mu da ƙafa munka zo wagga ƙasa. Ku dai kada ku bar ta da ƙafa." Ban sami abin cewa ba.

15/ Abin tsoron shi ne, in ƙauye ya tashi, turbarsa ciyawa ke cinyewa cikin damina biyu. In tsoho ya rasu a gudun hijira, sunan rijiya da mashigin gulbi da tsamiyar da ake hutawa duk sun bi shi kabari. Babu littafin da ya ajiye mana su.

16/ Don haka ga roƙona. In kai ɗan Isa ne, ko Sabon Birni, ko Tsibiri, zauna da tsohon gidanku. Tambaye shi: ta ina kuke bi zuwa kasuwa da ƙafa? Ina ake kwana? Ina ake shan ruwa? Ka naɗa a waya, ka rubuto mana sunayen a ƙarƙashin zaren nan.

17/ Burina wata rana a yi tsere daga kufan Alkalawa zuwa Sabon Birni, yara na shewa a bakin hanya, ba mai waiwaye don tsoro. Abokina Bayarabe, na ajiye maka gurbi, ka zo mu gani ko za ka iya yashin da ka raina. Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa. Amin.