Mishan da sassaben zamani a ƙasar Maraɗi

Mishan ta SIM, wadda ta sauka Damagaram a 1924, ta daɗe tana koyar da mai bi ya ci guminsa. A yunwar 1984 kuwa, hatsi ta raba a karkarar Maraɗi, bisa sharaɗin da ma'aikacinta Tony Rinaudo ya gindaya: manomi ya bar tohon kututture a gonarsa, yana rage masa rassa. Da rabo ya ƙare, da yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka bar nasu suka samu itacen sayarwa da abincin bisashe, maƙwabta suka kwaikwaya. A ganinmu riba ce ta zaunar da dabarar. Sunanta da Hausa kuwa, sassaben zamani.