Daga Dawakan Mai Sudan Zuwa Motar Mai Dalili

A wannan makon za mu waiwayi wani tsohon ciwo na ƙasar Birnin Gwari, wato ɗauke mutane, musamman yara, da irin dabarun da iyayenmu suka yi ta yi don su tsare nasu. Duk wanda ya tashi a Dogon Dawa, Kuyello, Randagi ko Kakangi ya san dajin nan da ya kewaye mu yana da daɗi yana da ɗaci. Shi ke ba mu itace da zuma da makiyaya, shi ne kuma maɓoyar duk wanda ya zo da mugun nufi, tun zamanin doki har zamanin babur.

A ƙarshen ƙarni na 19 babban abin tsoro a wannan yanki shi ne Ibrahim Nagwamatse, Sarkin Sudan na Kontagora, wanda tsofaffi ke kira Mai Sudan. Mayaƙansa sun yi ta kai hari ƙasar Gwari da yammacin Zazzau suna kwasar mata da yara, har ana danganta masa cewa ya kwatanta kansa da kyanwa, wadda ba mai raba ta da kamun ɓera. Mutane suka yi ganuwa, wasu suka hau duwatsu, noma ya koma kusa da gari, yaro ba ya zuwa rafi shi kaɗai. Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne abin da ake yi bayan an riga an kama mutum. Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a Giwa, nan maƙwabtanmu, a 1949 zuwa 1950, ta ba da labarin yadda mahara suka kwashe mutanen gidansu, dangi suka bi sawu gari gari suna cigiya, suka haɗa dukiya suka fanso su. Wato a wancan zamanin wanda aka ɗauke yana da masu nemansa. An san sunansa, an san ranar da ya ɓace, an san ta inda aka bi da shi.

Turawa sun ci Kontagora a 1901, a shekarar kuma Lugga ya yi dokar cewa duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilun 1901 ɗa ne, ba bawa ba. Yaran da aka ƙwato a hanyoyi aka tara su a wani gida a Zungeru, saboda da yawansu sun yi ƙanƙanta su faɗi garinsu. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Daga nan muka sami shekaru na sakewa, har muka ɗauka an rufe wannan babi.

Mu mutanen Dogon Dawa mun san ranar da aka sake buɗe shi. Lahadi, 14 ga Oktoba 2012, 'yan bindiga suka shigo da asuba suka kashe kimanin mutum 20, yawancinsu a bakin masallaci. Allah ya jiƙansu. Rahotannin lokacin sun ce ramuwa ce a kan 'yan sintirin da gari ya kafa don korar ɓarayin da suka addabi jama'a. Ke nan farkon wanda ya tashi tsaye gari ne da kansa, kuma shi ya fara biyan farashi. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: Gwaska a watan Mayun 2018, inda aka rasa sama da mutum 40, makarantar firamare ta Rema a Maris 2021, inda aka tafi da malamai 3, sai Kuriga, a kan hanyarmu ta zuwa Kaduna, ranar 7 ga Maris 2024, inda aka kwashe ɗalibai, aka sako 137 bayan makonni biyu da 'yan kwanaki. A tsakanin haka ƙungiyar BEPU ta yi ta kuka a 2022 cewa 'yan Ansaru a gabashin masarauta suna jan samari suna kuma auren 'yan matan ƙauyuka.

A duk waɗannan shekaru tsohuwar al'adar fansa ta dawo da ranta. An sayar da gonaki da shanun huɗa da masarar da ko girbe ta ba a yi ba, an zagaya da kwano a masallatai, 'yan uwa na Kaduna da Legas sun turo abin da ya sawwaƙa. Gidaje a cikin Birnin Gwari da Funtuwa da Zariya sun buɗe zaure da ɗakin baya ga mutanen da ba su ma san su ba. Wannan abin a yaba ne, kuma ba gwamnati ta koya mana ba.

Sai dai akwai wata ƙofa da muka bari a buɗe, ita ce ma dalilin wannan rubutu. Ɗan bindiga yana zuwa da ƙara, kowa ya san ya zo. Mai safarar mutane kuwa sallama yake yi, kuma yakan iso ne bayan an tarwatsa gari, lokacin da bazawara ke zaune a kangon wani da marayu biyar ba abin dafawa. Sau da yawa mace ce mai dalili, wani lokacin ma 'yar uwa, ta ce akwai Hajiya a Abuja ko Kano mai neman yarinyar da za ta taya ta aiki, za a sa ta makaranta, duk wata za a aiko da kuɗi. Uwa ta amince, domin riƙo abu ne da muka gada, kuma da yawanmu a hannun gwaggo ko kawu muka tashi. To amma riƙon da muka sani, an san gidan, ana kai ziyara da sallah, yaro yana dawowa. Wannan kuwa lambar waya ɗaya ce, ranar da ta daina shiga shi ke nan. Ba wanda zai zagaya da kwano don wannan yarinya, tunda a idon gari ba sace ta aka yi ba, tafiya ta yi.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa ba. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamadar Nijar kusa da Arlit, 52 daga ciki yara ne, akasarinsu Hausawan yankin Kance da ke kan hanyar Aljeriya. A Oktoban 2019 'yan sandan Kano suka gano yara 9 da aka sace aka sayar a Anaca, an canza musu suna. Abin lura a shari'ar Kano shi ne iyayen yaran da suka ɓace sun haɗa kansu wuri guda, suka tattara sunaye da hotuna, suka ƙi yin shiru, har gwamnatin jihar ta kafa kwamitin bincike, kotu kuma ta yanke wa Paul Owne ɗaurin shekara 104 a 2021.

Doka ma tana nan, ko da yake ba kowa ya san da ita ba a ƙauyukanmu. An kafa hukumar NAPTIP a 2003, aka sabunta dokarta a 2015. A ƙarƙashinta laifi ne a ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau a gida, kuma idan aka kai yaro inda za a ci da guminsa, yardar iyaye ba ta wanke wanda ya kai shi. Jihar Kaduna ita ma ta yi dokar kare yara a 2018.

Tun sulhun da Gwamna Uba Sani ya zo ya tabbatar a Birnin Gwari a Nuwamban 2024, aka sake buɗe kara, mutane suna komawa garuruwansu suna gyara rufi. Ra'ayinmu shi ne a yi wannan komawa da littafi a hannu. Mai unguwa da liman da unguwarzoma, su ukun nan sun san kowace haihuwa a gari. Su zauna su bi gida gida: wane yaro ya bar nan a shekarun gudu, wa ya tafi da shi, wane gari, yaushe aka ji muryarsa ta ƙarshe. Wanda aka samu lafiya a hannun dangi, a rubuta a wuce. Wanda wata shida ba labari, a kai sunansa gaban hakimi da ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, tare da sunan wadda ta zo ta ɗauke shi.