Jigon Masar da Yaron Bungudu

A kabarin wani masassaƙi mai suna Ipuy, a Deir el-Medina ta ƙasar Masar, akwai zanen mai lambu yana ɗebo ruwa da jigo. An yi shi zamanin Fir'auna Ramses na Biyu, fiye da shekara 3,000 ke nan. Irin wannan zane shi ne gishirin littattafan hotuna na rayuwar Masarawan dā. Idan malamin firamare ya buɗe shi a Bungudu, ba ya bukatar dogon bayani, domin da jigo kakannin yaran suka yi ban-ruwa a fadama kafin zuwan inji.

To, amma hoto shaida ce, kuma kowace shaida akan yi mata tambaya. Wa ya zana? Don wa? Mai kabari ne ya so a ga lambunsa shar. Ba a tambayi mai jan guga ba. Yaron da ya koyi wannan tambaya ya kama hanyar tarihi.

Haɗarin shi ne ya tashi da zaton tarihi duk a Masar yake. Ga 'Yandoto tsakanin Gusau da Tsafe, garin malamai da Muhammadu Bello ya ci wajen 1806. Ga Dutsen Kwatarkwashi da tsofaffin kufai. Saboda haka in an rufe littafin Masar, a tura yaro wurin tsofaffi, ya tambaya, ya zana abin da ya ji.