Baƙin ɗigon da ya gagari mai gyara

A ƙarshen shekarun 1990, muna yara a Aboabo, nan Zongon Kumasi, akwai shagon da muke biyan 'yan sulalla mu buga Super Mario da Contra. Daga baya yayana ya sayo mana tamu na'urar a kasuwar Kejetia, da kaset mai ruwan ɗorawa. Ba ta shekara ba ta mutu. Mai gyaran rediyon unguwarmu ya kwance ta, ya nuna mini wani baƙin ɗigon roba a kan allonta, ya ce, "Yaro, ƙwaƙwalwar tana ƙarƙashin nan, ba mai iya shiga." Haka muka jefar da ita.

Sai da na fara aikin rediyo, ina haɗa wani shiri kan kayan wasan da muka tashi da su, na bi salsalar ɗigon nan.

A 1975 kamfanin MOS Technology na Amurka ya fitar da ƙwaƙwalwar kwamfuta mai suna 6502, wadda Chuck Peddle da abokan aikinsa suka ƙera. Dala 25 ce kuɗinta, alhali takwarorinta sun ninka haka sau da yawa. Arhar nan ta sa ta shiga Apple II. Da Nintendo ya fitar da Famicom a Japan a 1983, wani samfurinta da kamfanin Ricoh ya yi ne a ciki. Masana'antun Taiwan da Sin suka kwaikwayi Famicom, daga baya suka dunƙule ta duka cikin ƙwaya ɗaya suka rufe da roba. Irin wannan ce ta iso mana. Ashe abin da muke kira Nintendo kwafi ne, kuma masu kwafin ma sun ɓoye sirrinsu.

A 2009 Greg James da Barry Silverman da Brian Silverman suka narkar da murfin 6502 da asid, suka ɗauki hoton cikinta da madubin likita, suka bi sawun tiransisto 3,510 ɗaya bayan ɗaya. A 2010 suka saki aikin kyauta da sunan Visual 6502. A 2017 Alexey Melnikov ya fara MiSTer, wanda ke amfani da FPGA, ƙwayar da ake sake tsara haɗin cikinta da rubutu har ta rikiɗe ta zama tsohuwar na'ura. Jorge Cwik kuma ya saki fx68k, kwafin Motorola 68000 da ke cikin Sega Mega Drive ta 1988. Kowa na iya saukewa, ya karanta, ya gyara.

Mu mutanen Kumasi mun san wannan hanya. A Suame Magazine, yaron shago yana koyon injin mota ne saboda ana kwance shi a gabansa. Mai gyaran unguwarmu ba hikima ya rasa ba, rufe masa ƙofa aka yi.

Allon MiSTer yana da tsada ga ɗan Zongo, gaskiya ne. Amma zanen 6502 kyauta ne ga duk mai waya da data. Mai gyaran nan ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma na kai masa hoton a wayata. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya kira yaron shagonsa ya ce ya zo ya gani.