Gurbin alama na wucin gadi da maɓallan aiki a rajistar ƙungiyar manoma

Idan kai ne ke riƙe da rajistar ƙungiya a Sabon Birni ko Isa, ka san sunaye ba sa ƙarewa: ga mutanen Gatawa, ga na Kurawa da Unguwar Lalle, ga na Turba da Bafarawa. Ranar rabon taki kuwa ba kowa ne zai samu ba, kuma waɗanda za su samu ba wani abu guda ne ya haɗa su ba. A nan ne gurbin alama ke da amfani.

Mene ne gurbin alama?

Rumbun bayanai tebur ne: kowane layi mutum ɗaya, kowane gurbi kuma bayani ɗaya, kamar suna, ƙauye, lambar waya, lambar NIN da abin da mutum ke nomawa. Gurbin alama ƙarin gurbi ne da ake bari fayau. Kana bin sunaye kana sa 1 a gaban duk wanda aikin yau ya shafa. Da ka gama, sai ka tace tebur ya nuna masu 1 kaɗai, ka buga takarda ko ka kira su a waya.

Abin da ba a sa wa a ciki

Alama ta aikin yini ɗaya ce. Duk abin da za a tambaye ka bayan wata shida ba ya zama a nan. Wanda ya karɓi buhu biyu na NPK, ko ya biya bashin iri, a ba shi gurbi na dindindin mai kwanan wata. Haka ma wanda rashin tsaro ya tayar daga ƙauyensu, ya koma cikin gari ko ya tsallaka Gidan Runji a jihar Maradi: a rubuta inda yake yanzu, kada a goge sunansa.

Maɓallai uku sun isa

A Excel na kwamfuta kana iya naɗar matakan aiki a matsayin makro, ka zana maɓalli a saman tebur ka haɗa su. Yi guda uku: "Nuna masu alama", "Nuna kowa", da "Share alama". Ajiye fayil ɗin da ƙarshen .xlsm, in ba haka ba makro ɗin zai ɓace. Sai dai waɗannan maɓallai ba sa aiki a Excel na wayar hannu. Idan da waya kake aiki, yi amfani da Filter kai tsaye, ko akwatin da ake latsawa a Google Sheets.

Inda ake yawan zamewa

Na farko, tsohuwar alama. Idan ka share alhali tebur yana tace, layukan da ke ɓoye za su riƙe alamarsu, gobe su shigo cikin sabon rabo. To, ka ga buhun wani ya tafi hannun wani, kuma kai za a tuhuma. Don haka "Nuna kowa" tukuna, sannan "Share alama", kafin aiki da bayansa.

Na biyu, mutum biyu a gurbi ɗaya. Idan ma'aji na alamta masu bashi, kai kana alamta masu karɓar iri, kowa ya buɗe nasa gurbin da sunan aikinsa.

Na uku, jera gurbi ɗaya shi kaɗai. Wannan yana raba suna da lambar wayarsa. Zaɓi tebur gaba ɗaya kafin ka jera.

Kafin a sauke buhu ko ɗaya, ƙirga masu alama ka gwada da adadin buhunan da ke sito. In ba su yi daidai ba, dakata.

Ajiya da sirri

A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. Kada rajistarku ta dogara da intanet kaɗai: a ajiye kwafi a kwamfuta, wani a filas, a kuma buga na takarda. Jerin waɗanda suka karɓi kuɗi ko kaya ba abin yaɗawa a WhatsApp ba ne a wannan yanki. Sa wa fayil ɗin kalmar sirri, kuma shugaba da ma'aji kaɗai su san ta bayan kai.