Daga Kafin Alƙalami Zuwa Kasuwar Chicago: Tsoron Manya, Burin Ƙanana

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san kafin alƙalami. Ka ba da ɗan kuɗi a riƙe maka sa a kan farashin da kuka daidaita. In sharaɗin shi ne kuɗin ba sa dawowa, to abin da ka saya dama ce: in farashi ya hau ka cika ka ɗauka, in ya faɗi ka haƙura da abin da ka bayar.

Dabarar tsohuwa ce. Aristotle ya ba da labarin Thales, masanin Girka da ya hango zaitun zai yi albarka, sai ya kama wuraren matsar mai da ɗan kuɗi tun kafin kaka. A 1973 aka buɗe kasuwa ta musamman a Chicago don cinikin irin wannan dama a kan hannun jari. Da damar saye aka fara, damar sayarwa ta biyo baya a 1977.

Masana kan raba adadin damar sayarwa da na damar saye don auna zuciyar kasuwa. In lambar ta hau, sai a ce tsoro ya shigo. Amma tsoron wa?

Tun bayan faɗuwar kasuwar Amurka a ranar 19 ga Oktoba 1987, damar sayarwa a kan kasuwar gaba ɗaya ta ƙara tsada. Manyan hukumomin zuba jari na sayenta kamar inshora, ko da suna ganin kasuwa za ta hau. Ƙananan masu jari kuwa sun fi karkata ga damar saye a kan kamfani guda. An ga haka a Janairun 2021, lokacin da suka yi rububin GameStop ta wayoyinsu, farashi ya yi tashin gwauron zabo, sannan ya rikito.

Ɗauki misalin riɗi a Gagarawa. Attajirin da ya cika sito, in ya kulle farashin sayarwa tun yanzu, kare dukiyarsa yake yi. Matashin da ya ba da kafin alƙalami a kan buhu biyu, tashin farashi yake fata. In ka haɗa su a lissafi ɗaya, ba ka fahimci ko ɗaya ba.

Shi ya sa kasuwar Chicago ke fitar da lambobin daban-daban. Kafin ka saka kuɗinka saboda wani ma'auni da ka gani a waya, fara tambayar cinikin su wa aka ƙirga.